Ciwon Ganin Dama

Tabita da Ladi, da ku jikokina da kuka iya karatu, wannan babin a kan shekarar da na bar aiki a Kudenda, unguwar kamfanoni, ne. Na san kun ji labarinta a bakuna da yawa kafin ku ji a nawa. An ce muku babanku ya gaji da ɗaukar buhu ne ya nemi wuri ya kwanta, ya bar wa yayanku Yohanna nauyin gida. Wanda ya fara faɗin haka, Kawu Dogara yayan mamarku, ya riga mu gidan gaskiya, ba zan tone shi ba. Sai dai sunan da ya raɗa wa ciwona bai bi shi kabari ba. Kwanan baya na ji wata jikata tana ce wa ƙaninta da ya ƙi zuwa aike wai ciwon ganin dama ya kama shi irin na Kaka. Na taya su dariya, amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na nemi biro.

Ku da kuka san ni a kujera ba ku san ni ba. Ni ba mutumin zama ba ne. Tun ina yaro a ƙauye uwata ke cewa ko tuwo a tsaye nake ci, kuma mamarku Rifkatu ta gaji wannan ƙorafin daga hannunta. In na tashi daga aiki ba na iya shiga ɗaki kai tsaye, sai na zaga unguwa, na gyara wa wani ƙofa, na sa baki a gardamar da ba a gayyace ni ba. Aikina lodi ne a wani kamfanin abincin kaji, ba sai na kama sunansa ba. Mukan ɗauki buhu daga sito a kafaɗa, mu hau katako, mu jera a bayan babbar mota. Aiki ne na jaki, amma ina son sa, don ba ya barin mutum ya yi tunani. Har na kai shekara arba'in da ɗoriya a duniya ina yi, samari ba sa rigana kai buhu.

Abin ya fara ne daga cinyoyina. In na zauna a benci lokacin hutu, tashi sai ya zama aiki, kamar an zuba mini yashi a ƙugu. Bakina kuma ya riƙa bushewa, ina shan ruwa kamar raƙumi ba ya jiƙa. Abin mamakin shi ne, in na daure na miƙe na ɗauki buhun farko da ƙyar, na biyu sai ya fi sauƙi, can kuma sai in ji jikina ya dawo, in yi ɗan lokaci ina aiki kamar da, kafin ƙarfin ya sake zubewa. Abokan aiki suka sa mini suna Dizal, wai sai inji ya yi zafi yake ja. Ban damu ba, har amsawa nake yi. Ranar da ƙafata ta lanƙwashe a tsakiyar katako na faɗo da buhu a kaina ne dariya ta ƙare, aka kai ni kilinik ɗin kamfani.

Ma'aikacin kilinik ɗin ya duba ni, bai ga karaya ba, bai ga zazzaɓi ba. Sai ya miƙo mini yatsunsa biyu, ga shugaban masu lodi a tsaye yana kallo.

"Matse, Dizal. Da ƙarfinka duka."

Na matse, ni kaina na ji kunyar matsar, kamar ta jariri.

"Sake. Riƙe, kar ka saki."

Na sake, na riƙe. Ina riƙe ina jin ƙarfin yana hawowa daga wani wuri, har mutumin ya yamutsa fuska ya fizge hannunsa. Ya juya ga shugabanmu yana yarfa yatsu.

"Oga, ka gani? Ƙarfi yana nan. Ɓoye shi yake yi, ya manta."

Ni ma na ga abin da suka gani. Aka ce in koma bakin aiki. Na koma, na sake faɗuwa, na sake komawa. Kafin damina ta sauka aka sallame ni, kuma labarin da ya biyo ni gida shi ne likita ya kama ni ina ƙaryar ciwo.

Yohanna a lokacin yana shekararsa ta biyu a foliteknik, yana koyon aikin lantarki. Yaron nan tun yana ƙarami babu rediyon da ya kwana lafiya a gidanmu, sai ya kwance shi ya ga abin da ke magana a ciki. Shi ne na farko a zuriyarmu da ya haura sakandare, ina ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya. Da abinci ya fara gagara, kosan da mamarku ke soyawa a bakin layi ya kasa riƙe mutum biyar, shi da kansa ya je makaranta ya roƙi a ɗaga masa shekara ɗaya. Aka ba shi, da sharaɗin in shekara ta zagayo bai dawo ba gurbinsa ya tafi. Ya samu wani mutum a Barnawa ya ba shi keke mai ƙafa uku na haya yana ja. Da safe kafin ya fita yakan zo ya kama ni a hammata ya ɗaga ni daga katifa, ya ce, Baba, shekara ɗaya ce, za ka warke. Ina son ku riƙe wannan, a farko yayanku bai yi shakkata ba ko kaɗan.

Kawu Dogara ne ya kawo shakka gidan. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne daga Kakuri, tun da aka rufe masaƙa ba shi da aiki sai lura da na mutane. Ranar Lahadi a coci yana zama a bayana. In aka ce a tashi a yi waƙa, jama'a su miƙe, ni ina kokawa da benci har a gama baitin farko. Amma kafin a kai baitin ƙarshe ina tsaye ƙyam, har ina taka rawa kaɗan, don ba na iya jin ganga in tsaya cak. Wata Lahadi ya biyo mu gida, ya zauna a tsakar gida yana cin gyaɗa, ya ce wa mamarku da murya yadda kowa zai ji:

"Rifkatu, ni na ga ciwo iri-iri. Ban taɓa ganin wanda ke tsoron buhu amma yana son ganga ba. Wannan ciwon ganin dama ne."

"Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake kwana da shi."

"Ke kike kwana da shi, yaron nan kuma shi yake kwana a titi. To."

Yohanna yana gefe yana wanke keke, bai ɗago ba. Amma na ga hannunsa ya tsaya a kan soso.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi muni a rayuwata, kuma ba don ciwon ba. Ciwon ba ya zafi. Zaman ne ya so ya haukata ni. Kowa ya watse da safe, a bar ni da kaji da rediyo, ina jin jiniyar kamfanoni tana kiran mutane aiki, jikina yana amsawa, ƙafafuna suna ƙi. Sai in ja jiki in kama bango in miƙe, in fara zagaye tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa ƙofar kicin, in dawo. Ina tafiya ina zagin ƙafafun, ina addu'a, ina sake zaginsu. Wani lokaci ni kaina sai in tsaya in tambayi kaina, anya ba gaskiya Dogara ke faɗi ba? Ko lalaci ne ya shige ni ta ƙofar baya ban sani ba? Fasto ya zo ya yi addu'a, matan zumunta sun zo sun yi waƙa, wata tsohuwa ta kawo saiwa daga ƙauye na sha har cikina ya ɓaci. Babu abin da ya canja.

Wata rana da hantsi aka aiko mana da buhun masara daga gida, mai kawowa ya jingine shi a bakin ƙofa ya tafi, ga hadari ya haɗo. Na daɗe ina zagayen nan nawa, ƙafafuna sun ɗan saki. Na dubi buhun, buhun ya dube ni. Wallahi ba don in burge kowa ba, kewa ce kawai, kewar nauyi a kafaɗa. Na jijjiga shi, na sake jijjigawa, na ji hannuwana suna cika, na sunkuya na saɓa shi. Na taka zuwa ɗakin ajiya ina dariya ni kaɗai kamar yaro. Ina juyowa na ga Yohanna a tsaye a ƙofar gida, ya dawo ɗaukar rigar ruwa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yohanna, tsaya ka ji. Yanzu ne kawai, anjima kaɗan zai tafi."

"Na sani. In na dawo zai tafi."

Ya ɗauki rigarsa ya fita. Ni kuwa na zauna a kan turmi don in huta, ruwa ya sauko ya same ni a wurin, na kasa tashi, sai da mamarku ta dawo daga kasuwa ta ja ni ɗaki. Amma wannan babu wanda ya gani sai ita. Gani ya kori ji, kuma yaron ya ga abin da ya gani. Daga ranar bai ƙara ɗaga ni da safe ba. Bai yi mini rashin kunya ba, bai fasa kawo cefane ba, gaisuwa ma yana yi. Sai dai yana gaishe ni yana kallon bango. Na sha wuya a duniya, amma ban taɓa jin abin da ya ci mini rai kamar wannan gaisuwar ba.

Wata nas a cikin matan zumunta ce ta matsa wa mamarku a kai ni babban asibiti, ƙetaren gada, wurin likitan jijiya. Aka daɗe ana jiran layi, har shekarar da aka ba Yohanna ta kusa cika. Ana gobe za mu je, Kawu Dogara ya zo da shawara, kuma don Allah ku yi masa adalci, da kyakkyawar niyya ya zo. Shi a ganinsa ƙarya nake yi, amma tunda abin ya kai nan, gara ƙaryar ta yi amfani.

"In sun ce ka matse hannu, abeg, don Allah, kar ka yi musu irin ta kilinik. Ka saki jiki gaba ɗaya. In likita ya rubuta ba ka da lafiya, ko coci za ta taimaka, ko kamfani a koma a roƙe su. In ka nuna ƙarfi kuwa, ka kashe kanka."

Na ga mamarku ma shawarar ta shige ta. Ni ma ta shige ni. Ku duba inda na tsaya. In na ɓoye ƙarfin, zan zama maƙaryacin da ake cewa ni ne, amma wataƙila a yarda da ni. In na nuna shi, a gaban ɗana, zan sake yin abin da ya sa aka kore ni, abin da ya sa yake kallon bango. Da safe Yohanna ya kai ni a kekensa, mamarku ta tsaya wurin kasko. Duk tsawon hanya ina juya maganar, har muka hau gada ban yanke ba.

Likitar mace ce, ba ta fi sa'ar Tabita ta yanzu ba, da ɗan lulluɓinta da Hausarta ta Zariya. Ta ce Yohanna ya shigo ya zauna. Ta tambayi aikina, ta tambayi bushewar baki, ta sa na tashi daga kujera ba tare da na dafa ba, na kasa. Ta buga mini 'yar gudumar roba a gwiwa, ƙafar ko motsi. Sai ta miƙo yatsu biyu.

"Baba, matse. Ka riƙe har sai na ce ka saki."

Na matse a raunane, wannan ba sai na yi ƙarya ba. Sai na ji shi yana tahowa, ƙarfin nan mai tona mini asiri. A nan ne zan iya sassautawa, babu wanda zai sani. Na dubi Yohanna, yana kallon hannuna, ba fuskata ba. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, shekara guda ana kirana maƙaryaci ban yi ƙarya ba, ba yau zan fara don a yarda da ni ba. Na matse yatsun baiwar Allah nan har ta ce wash.

Yohanna ya miƙe tsaye.

"Kin gani ko, Dakta? Haka yake yi. Haka ya yi a kamfani. Buhun masara ma yana ɗauka in ba kowa."

"Na gani," in ji ta. "Abin da nake nema ke nan. Zauna."

Ta sa na miƙe ƙafa na tokare hannunta da ƙarfi na ɗan lokaci, ta yi maza ta sake buga gudumar a gwiwar. Ƙafar da ta ƙi motsi ɗazu ta yi tsalle. Ta juya ga Yohanna ta ce, hannu mutum zai iya yi da gangan, wannan kuwa ba a yin sa da gangan, ko ya so ko bai so ba.

Sannan ta yi mana bayani, kuma zan rubuta shi yadda na riƙe, don shi ne gadon da nake da shi a wannan magana. Ta ce jijiyar da ke kawo umarni daga ƙwaƙwalwa ba ta taɓa tsoka, akwai ɗan rata tsakaninsu wanda ido ba ya gani. A bakin jijiyar akwai ƙananan ƙunshi cike da sinadarin da ke gaya wa tsoka ta motsa, a jere, a shirye, kamar buhunanmu a bakin sito. Amma ba sa fita haka kawai. In umarni ya iso, wasu 'yan ƙofofi ne ke buɗewa, wani sinadari mai suna kalsiyam ya kwararo ciki daga waje. A jikin kowane ƙunshi akwai wani abu kamar mai gadi, aikinsa kawai ya ji kalsiyam. In bai ji ba, ba ya sakin kaya, kuma ɗan kaɗan ba ya isar sa, sai ya ji da yawa. Da ya ji, nan take ƙunshin ya fashe a cikin ratar, tsoka ta amsa. Ta ce a jikina, sojojin jiki da ya kamata su yaƙi cuta sun yi kuskure sun far wa waɗannan ƙofofin, sun lalata da yawa. Umarnin farko in ya zo, kalsiyam kaɗan ke shiga, mai gadi ya yi shiru. Amma in na nace, umarni na bin umarni, na baya bai gama fita ba wani ya shigo, sai ya taru har mai gadi ya ji, kaya su fita. In na huta kuma a share wurin, a koma farko.

"To Dakta, in sha romon ƙashi ke nan? An ce kalsiyam a ƙashi yake."

Ta yi dariya. "Baba, kalsiyam ɗinka ba shi da laifi, yana nan a bakin ƙofa. Ƙofar ce ta yi kaɗan."

Duk da haka, da na ba mamarku labari, kalma ɗaya ta riƙe, wata guda muna shan romon ƙashin saniya har maƙwabta suka zaci mun samu aiki. Daga baya an yi mini gwaji da na'urar da ke ɗan jan mutum da lantarki, ya tabbatar da maganar likitar. An ɗauki hoton ƙirjina sau da yawa, don ta ce wannan ciwon wani lokaci ɗan aiken wata muguwar cuta ce a huhu. Allah ya rufa asiri ba a ga komai ba. An ɗora ni a kan magani mai wuyar samu, wanda ya sa nake tashi da kaina har yau. Amma na yi gaba, bari in koma wannan ranar, don ba a gama ba.

Kafin mu fita Yohanna ya yi tambaya ɗaya, ita kaɗai ya yi.

"Dakta, zai koma aiki?"

"Lodi? A'a. Zai samu sauƙi, in Allah ya so zai daɗe. Amma kada ya ƙara hawa katako da kaya a kafaɗa."

Na fito asibitin nan kamar an sauke mini dutse. Ba na jin kunyar faɗa muku, murna nake yi. An gaya mini ina da ciwon da ba ya warkewa, ni kuwa ina washe baki, don an wanke ni, kuma a gaban wanda na fi so a wanke ni a gabansa. A cikin keke bakina bai rufu ba. Ina cewa bari Dogara ya ji, bari in ga idon mutumin kilinik, ina maimaita maganar mai gadi da ƙofa kamar ni na gano ta. Ina jira yaron ya juyo ya ce Baba yi haƙuri, har na shirya yadda zan ce masa ba komai. Muka haye gada, muka gangaro, sai ya saki hanya ya tsaya a gindin wata bishiya, ya kashe inji. Ya kifa goshinsa a kan hannun keken. Na ga bayansa yana rawa.

"Yohanna, ya isa. Ban riƙe ka ba. Kowa ma zai iya zaton haka."

Da ya yi magana, bai juyo ba.

"Baba, ni so nake ta ce ƙarya kake yi."

Ya ci gaba, goshinsa na kan hannun keken.

"Da ƙarya ce, da ka ji kunya ka koma aiki. Da na koma makaranta wata mai zuwa. Kullum addu'ata ke nan, Allah ya sa ƙarya ce."

Murnar nan tawa ta mutu a wurin. Shekara guda ina fafutukar a yarda da ni, ban taɓa tsayawa na lissafa abin da gaskiyata za ta ci wa yaron nan ba. Na so in ce masa zan nemi gadi, zan sayar da katin waya, zai koma. Amma mu biyun mun san abin da gadi ke kawowa da abin da gida ke ci, ga ku biyu kuna firamare. Yayanku bai koma foliteknik ba, ba a shekarar ba, ba kuma daga baya ba. Takardun shaidar karatun da ke rataye a falonku yau, daga wannan keken suka fito.

Na miƙa hannu na dafa kafaɗarsa, ya bar shi a wurin na ɗan lokaci. Sannan ya share fuska da gefen rigarsa, ya tayar da inji. Da muka kai kwanar Barnawa wata mata da kwandon tumatir ta ɗaga hannu. Ya rage gudu, ya dube ni ta madubi.

"Baba, ɗan matsa mata."

Na matsa, ta shiga.